"Olsa ce ta tashi": yadda bugun zuciya ke ɓuya a jikin mace

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin mata, ana turo ta a waya, ana maimaita ta a hira: wai bugun zuciya, wato ciwon toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya, a mace daban yake da na namiji, wai mace ba ta jin komai a ƙirji, sai dai ciwon baya ko tashin zuciya. Masu yaɗa ta alheri suke nufi. Amma ni duk sanda na ji ta sai gabana ya faɗi, domin rabin zancen aka kawo, kuma rabin da aka bari a baya ya fi nauyi. Macen da ta haddace wannan magana, ranar da ƙirjinta ya danne sai ta ce wa kanta, to ai wannan ba irin namu ba ne, ta kurɓi maganin olsa ta ja bargo.

A 2018 mujallar Circulation ta wallafa sakamakon wani nazari mai suna VIRGO, wanda aka yi a kan mutane kusan 3,000 'yan shekara 18 zuwa 55 da bugun zuciya ya kwantar a asibitocin Amurka. Kashi biyu cikin uku mata ne. Cikin matan nan, kashi 87 cikin 100 sun ji wani abu a ƙirji: ciwo, nauyi, matsi ko dannewa. A maza kashi 89.5 ne. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Inda aka rabu shi ne, matan sun fi zuwa da tarin wasu alamomi a kan ta ƙirjin, sun fi maza ɗora abin a kan damuwa, kuma cikin waɗanda suka je ganin ma'aikacin lafiya kafin a kai ga kwanciya, kashi 53 cikin 100 na mata sun ce wanda ya duba su bai kawo zuciya a ransa ba. A maza kashi 37 ne.

Wato alamar tana nan a jikin mace. Binne ta ake yi a ƙarƙashin wasu, sannan a samo mata wani suna mai sauƙin haɗiya. Ita ta samo, 'yan gida su taya ta, wani lokaci har likitan ya sa hannu.

Ba daga takarda na fara sanin wannan ba, a jikin yayata na gani. Shekararta 54 a lokacin, tana da ciwon suga da hawan jini, tana kuma da olsa ta gaske wadda ta daɗe tana fama da ita. Wannan olsar ce ta kusa rufe mana ido, domin duk abin da ya taɓa ta daga wuya zuwa cibiya, an riga an san sunansa.

Makonni kafin ranar, ta canza, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Mace ce mai zafin nama, wadda ba ta iya zama tana kallon aiki. Sai ga shi in ta gyara shimfiɗar gado sai ta zauna a gefensa ta huta. In tana shanya sai ta sauke hannu a tsakiya, ta dafa igiya, ta jira. Matakalar da take hawa kullum ta koma tana tsayawa a rabi kamar mai tuna wani abu. A waya ma na lura tana yanke magana ta ja numfashi. Da na tambaye ta sai ta yi dariya ta ce tsufa ne ya aiko sallama. Barci kuma ya ƙaurace mata, ta ce tunani ne.

Ranar da abin ya faru, da daddare ne. Na same ta zaune a bakin gado, ta ɗan sunkuyo, ta dunƙule hannu ta dafe ƙasan ƙashin ƙirji, ɗaya hannun tana murza muƙamuƙi. Fanka na kaɗawa, amma ga zufa ta tsattsafo mata a goshi da saman leɓe. Da na taɓa damtsenta na ji shi sanyi ƙalau, da danshi.

"Yaya, lafiya?"

"Olsar nan ce ta tashi. Miƙo mini maganin ruwan nan."

"Ƙirjinki ke ciwo?"

"A'a, ba ciwo ba ne. Kamar dai an ɗaure ni an ja. Ga haƙorina ma ya ɗauka, ga zuciyata na tashi."

"Irin na kullum ne?"

Nan ta yi shiru. Ta san olsarta sarai: zafi ne mai ƙuna, yana zuwa in ciki ba komai, yana lafawa in ta sa wani abu a baki. Sai can ta ce, "Wannan daban yake."

Wannan amsar ce ta fitar da mu daga gida. Har yau in an tambaye ni wace tambaya ce ta fi amfani a irin wannan lokaci, ita nake faɗa: irin wanda kika saba ne? Macen da ta yi shekaru da ƙwannafi ko ciwon baya ta fi kowa sanin kamanninsa. In ta ce wannan baƙo ne, a gaskata ta. Ku kuma lura da amsarta ta farko. Na tambaye ta ciwon ƙirji ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba. A wurinta ciwo shi ne suka ko zugi. Abin da take ji nauyi ne da matsewa. Da a asibiti aka yi mata tambayar a gurguje, da an rubuta "babu ciwon ƙirji" an wuce. Mata da yawa haka suke kwatanta shi: nauyi, cushewa, dannewa, ƙuna, kamar abinci ya tsaya bai wuce ba, kamar rigar mama ta matse fiye da kima.

Fitar ma sai da aka kai ruwa rana. Tana so ta watsa ruwa, ta canza kaya, ta jira maigidanta ya dawo. Ta ce a bari gari ya waye, kada a tashi mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta ce in aka je aka ce ba komai, kunya za ta ji. Duk wannan tana faɗa ne tana haki. Na sha jin mata suna ba da labarin nasu, kusan kalma ɗaya ce: wa zai kula da yara, bari in gama wankin nan, kada a ce na cika raki.

A asibiti aka gano jijiyar da ke ciyar da ƙasan zuciyarta ce ta toshe. Aka zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu har zuwa wurin, aka buɗe, aka bar 'yar raga ta ƙarfe a ciki don kada ta sake rufewa. Alhamdulillahi tana nan da ranta, tana shan magungunanta, tana hawa matakalarta.

Abin da ya sa jira zuwa safiya ke da haɗari shi ne yadda abin yake faruwa a ciki. Zuciya tsoka ce, kuma duk da jini na ratsa ɗakunanta dare da rana, ba daga nan take ci ba. Tana da nata jijiyoyin da suka kwanta a bayanta, faɗin manyan cikinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Shekara da shekaru kitse na taruwa a bangon waɗannan jijiyoyi. Ranar da dunƙulen kitsen ya tsage, jiki na ɗaukar wurin a matsayin rauni, sai jini ya daskare a kai, gudan ya toshe hanya. Tsokar da ke gaban toshewar ta rasa iska. Cikin minti 20 zuwa 30 ta fara mutuwa, kuma ɓarnar na faɗaɗa awa bayan awa. Tsokar zuciyar da ta mutu ba ta sake tsirowa, tabo take zama. Wadda aka buɗe wa jijiya cikin awa ɗaya ko biyu tana iya komawa rayuwarta kusan yadda take. Wadda ta kwana da shi tana iya tsira da rai, amma da zuciyar da ba ta iya harba jini yadda ya kamata, ga kumburin ƙafa, ga haki har ƙarshen rayuwa.

Shi kuma ciwon muƙamuƙi da na hannu da na tsakanin allon kafaɗu, akwai dalilinsa. Jijiyoyin da ke ɗauko saƙon ciwo daga zuciya suna shiga lakar gadon baya ne a wuri ɗaya da waɗanda ke zuwa daga ƙirji, hannu da saman baya. Ƙwaƙwalwa ba ta saba karɓar kuka daga zuciya ba, sai ta jingina shi ga maƙwabta. Shi ya sa mace za ta rantse haƙorinta ne, ko ta ce kwanciya ce ta yi ba daidai ba. Kuma ba dole sai hannun hagu ba, yana iya zama na dama ko duka biyun. In ɓangaren ƙasan zuciya ne ya taɓu, kamar na Yaya, wurin na zaune ne dab da saman ciki, sai abin ya zo da tashin zuciya, amai, gyatsa da zafi a bakin ciki. Ga mai ciwon suga kuma akwai ƙarin matsala: sugan da ya daɗe yana lalata jijiyoyin ji, har ciwon ya zo a dushe ko ma bai zo ba sam, sai haki da zufa da wata irin kasala kawai.

Wani abin da ke yaudarar mutane: an sha maganin olsa, an yi gyatsa, an ji ɗan sauƙi, sai a ce to ka gani. Wannan sauƙin ba shaida ba ne. Ciwon bugun zuciya yana iya lafawa ya dawo, domin gudan jinin kan ɗan saki ya sake kamawa.

Batun gajiyar nan ta makonni ya cancanci a tsaya a kansa. A 2003 wata mai bincike a fannin jinya a jihar Arkansas ta Amurka, Jean McSweeney, ta fitar da nazarin mata 515 da suka yi bugun zuciya. Kashi 95 cikin 100 sun ce sun ji wasu baƙin alamomi fiye da wata ɗaya kafin ranar. Kan gaba ita ce gajiyar da ba a saba ba, wajen kashi 71, sai rashin barci kusan kashi 48, sai ƙarancin numfashi kashi 42. Waɗanda suka ji wani abu a ƙirji a wannan mataki ba su kai kashi 30 ba. A nazarin nata kuma kashi 43 sun ce ko a ranar ba su ji ciwon ƙirji ba, kuma daga irin wannan adadi ne maganar da ke yawo a waya ta samo tushe. Matan nata sun fi na VIRGO shekaru, kuma an tambaye su ne watanni bayan abin ya wuce. Abin da na ɗauka daga haɗa biyun shi ne: ƙirji ne ya fi yawan magana, amma shirunsa ba ya wanke zuciya.

To amma wace mace ce ba ta gaji ba? In aka ce duk mai gajiya ta ruga asibiti, ba wadda za ta rage a gida. A ganina abin dubawa shi ne sabuntar abin da kuma alaƙarsa da motsi. Gajiyar wadda ta wuni tana aiki tana da dalili, barci na maganinta. Wadda nake nufi ita ce aikin da kike yi watan jiya ba tare da kin san kin yi ba, yau ya gagare ki: tafiyar da kika saba, ɗaukar jaka, sharar ɗaki, har wanka. Kina cikin yi sai numfashi ya ƙare ko ƙirji ya yi nauyi ko muƙamuƙi ya riƙe, in kin tsaya minti kaɗan ya saki, in kin ci gaba ya dawo. Wannan zuwa da tafiyar tare da motsi alama ce ta jijiyar da ta ƙuntata amma ba ta rufe ba. Lokacin ganin likita ke nan, a cikin kwanakin, ba wata mai zuwa ba. In kuwa abin ya fara zuwa kina zaune, ko ya tashe ki daga barci, ko ya wuce 'yan mintuna bai saki ba, ko ya haɗo da zufa mai sanyi, jiri, amai ko jin kamar za ki suma, an wuce maganar ganin likita gobe. Yanzu ne.

Akwai kuma wata alama da ba ta da ma'auni, amma ma'aikatan gaggawa sun san ta: mutum ya ji a jikinsa cewa wani mugun abu na shirin faruwa. Yaya ta ce mini daga baya, tun tana bakin gadon ta ji a ranta kamar ba za ta ga safiya ba, ta dai ƙi faɗa don kada ta tsorata mu. A mace, wannan jin shi ne ake saurin kira fargaba. Gaskiya ne firgici na iya kawo bugawar zuciya da sauri, da haki, da zufa. Amma ba a rarrabe su da ido ko da lallashi, sai da na'ura da gwajin jini.

Wannan ya kawo ni ga abin da za a faɗa in an isa asibiti, domin isa kaɗai ba ta wadatar ba. Masu bincike a Jami'ar Leeds sun duba bayanan sama da mutum rabin miliyan da suka yi bugun zuciya a Ingila da Wales, suka wallafa a 2016 cewa yiwuwar a fara ba mace wani suna daban na cuta ya fi na namiji da kusan kashi 50 cikin 100. Ba mugunta ba ce. Ilimin ne aka gina shi a jikin maza. Babban gwajin da ya nuna asfirin na rage bugun zuciya na farko, wanda aka wallafa a 1989, an yi shi ne a kan likitoci 22,071, duka maza. A 1991 Bernadine Healy, likitar zuciya kuma mace ta farko da ta shugabanci Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, ta rubuta cewa sai mace ta nuna cutarta irin ta namiji ce kafin a kula da ita kamar namiji. Sai a 1993 aka yi dokar da ta wajabta sa mata cikin gwaje-gwajen da waɗannan cibiyoyi ke ɗaukar nauyi. Likitocin da ke aiki yau da yawansu sun yi karatu a littattafan da hoton mai bugun zuciya a ciki dattijo ne dafe da ƙirji.

Don haka kada ki shiga da fassara, ki shiga da abin da kike ji. In kika buɗe baki da "ina jin olsata ce" ko "kwanan nan ina cikin damuwa", kin miƙa wa mutumin da layi ya yi masa yawa amsa a hannu. Ki fara da ƙirji in akwai wani abu a wurin, kowane iri ne. Ki faɗi lokacin da ya fara, inda yake tafiya, da cewa ba ki taɓa jin irinsa ba. Sannan ki faɗi kalmar da bakinki: "Ina tsoron zuciyata ce, ina so a yi mini ECG." Ƙa'idar da likitocin zuciya suka amince da ita ita ce a yi wannan awo cikin minti 10 da isowa. Wayoyi ne ake mannawa a ƙirji da hannu da ƙafa su auna lantarkin zuciya, ba allura, ba zafi. In mai ciwon ba ta iya jayayya, wanda ya rako ta ya yi mata. Ni na yi wa Yaya, da ladabi amma ban matsa daga gaban teburin ba.

ECG na farko yana iya fitowa lafiya alhali ana cikin bugun zuciya, shi ya sa ake maimaitawa, ake kuma haɗawa da gwajin jini na tiroponin, wani sinadari da ke tsiyayowa cikin jini in tsokar zuciya ta ji rauni. Yana ɗaukar lokaci kafin ya hau, don haka akan ɗebi jini sau biyu da tazarar awa ɗaya zuwa uku ko fiye. A nan ma akwai batun mace da namiji. Zuciyar mace ta fi ƙanƙanta, tiroponin ɗinta na yau da kullum ya fi na namiji ƙasa. Wani nazari da aka yi a Edinbura, aka wallafa a mujallar BMJ a 2015, ya nuna cewa da aka yi amfani da gwaji mai kaifi tare da ma'auni na mata daban, adadin matan da aka gano suna da bugun zuciya ya ninka, daga kashi 11 zuwa 22 cikin 100, na maza kuwa bai motsa sosai ba. Idan aka sallame ki bayan awo ɗaya kuma abin bai daina ba, ki koma.

Mutane na ɗauka wannan ciwon tsofaffi ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya: a nazarin INTERHEART da ya shafi ƙasashe 52, tsakiyar shekarun bugun zuciya na farko 56 ne a maza, 65 a mata. Amma wannan tazarar ce ke sa a yi sakaci da ƙananan mata. Akwai wani nau'i da ake kira SCAD, inda bangon jijiyar zuciya ke tsagewa da kansa ba tare da wani kitse ba. Kusan tara cikin goma na masu samunsa mata ne, da yawa 'yan shekara 40 zuwa 50 masu cikakkiyar lafiya, kuma shi ne kan gaba wajen jawo bugun zuciya a lokacin goyon ciki da makonnin farko bayan haihuwa. Mai jego da ta ce ƙirjinta ya danne, hannunta ya yi nauyi, kada a ce rashin barci ne ko nono ne ya cika. Akwai kuma Takotsubo, wanda likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990: bayan rasuwa ko wani mummunan tashin hankali, tsokar zuciya ta saki, alamomin su zo sak na bugun zuciya. Yawancin masu shi mata ne da suka daina al'ada. Wasu matan kuma a duba manyan jijiyoyinsu a ga ba toshewa, matsalar tana cikin ƙananan da hoton ba ya nunawa. "Jijiyoyinki a buɗe suke" ba ya nufin kin ƙirƙiri ciwon.

Abin da ya fi ba ni mamaki cikin duk abin da na koya shi ne tarihin haihuwa. Macen da ta yi hawan jinin masu ciki mai haɗe da furotin a fitsari, wanda kan kai ga jijjiga, haɗarin ciwon zuciyarta nan gaba ya kai kusan ninki biyu. Haka sugan da ke zuwa da ciki, da haihuwar bakwaini, da ɗaukewar al'ada da wuri, kafin shekara 40 ko 45. Yaya ta yi hawan jini a cikinta na ƙarshe, aka haihu, jini ya sauka, kowa ya manta. Ba wanda ya ce mata wannan gargaɗi ne na shekaru ashirin masu zuwa. Yanzu duk 'yar uwar da za ta je awo ina ce mata ta faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Ciwon suga da taba sigari kuma sun fi yi wa zuciyar mace ɓarna fiye da ta namiji, kuma haɗa sigari da ƙwayar tsarin iyali mai sinadari biyu bayan shekara 35 abu ne da likitoci ke hanawa kai tsaye.

In ana maganar cutar da ke kashe mata, hankali na tafiya ga sankarar mama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan sankara ta kashe mata kusan 670,000 a 2022. Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini kuwa, bisa rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2021, sun kashe mata miliyan 8.9 a 2019, wato kashi 35 cikin 100 na duk mace-macen mata a duniya.

Abin yi a lokacin ba shi da yawa. A kira motar asibiti in akwai wadda za ta zo da wuri, domin ma'aikatanta na iya fara aiki tun a hanya. In babu, wani ya tuƙa, mai ciwon kada ta taɓa sitiyari. Ta zauna ta jingina, ta daina kai-komo, a sassauta mata kaya. In ita kaɗai ce a gida ta buɗe ƙofa kafin ta zauna. Asfirin na miligiram 300, a tauna shi kada a haɗiye ɗungurungum, yana rage girman gudan jinin; amma ban da wadda jikinta ba ya karɓarsa, ko mai olsar da ke zubar da jini, ko wadda likita ya hana. Neman asfirin kuma kada ya jinkirta tafiya. Kada a ba ta maganin zuciya na wani, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe. Saƙon nan da ke cewa mutum ya yi ta tari da ƙarfi don ya ceci kansa, a share shi, ɓata lokaci ne. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yau ki san lambar gaggawa ta inda kike, ki san asibitin da ke da ECG dare da rana, da wanda ke iya buɗe jijiya ko ba da allurar narkar da gudan jini. Ba kowane ne ke yi ba, kuma yawo daga wannan zuwa wancan na cinye awannin da ake buƙata.

Wani lokaci bugun zuciya na kai wa ga tsayawar zuciya gaba ɗaya: mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi ko yana wani irin jan numfashi jefi-jefi kamar minshari. A nan ma mata na baya. Wani nazari na 2018 da ya duba Amurka da Kanada ya nuna cewa cikin waɗanda zuciyarsu ta tsaya a bainar jama'a, kashi 45 cikin 100 na maza sun samu wanda ya danna musu ƙirji, mata kashi 39. Mutane na jin nauyin taɓa ƙirjin mace, wasu na tsoron abin da za a ce, wasu ma ba sa kawo zuciya a rai in mace ce ta faɗi. Wurin dannawa ɗaya ne a mace da namiji: tsakiyar ƙirji, a kan rabin ƙasa na ƙashin. A kwantar da ita rigingine a ƙasa mai tauri, ba katifa ba. A ɗora tudun tafin hannu ɗaya, a ɗora ɗayan a kai, a miƙe gwiwar hannu, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana barin ƙirjin ya taso bayan kowace dannawa. Haƙarƙari na iya karyewa, a ci gaba. In hannu ya gaji wani ya karɓa, ba a tsayawa sai ma'aikatan lafiya sun iso ko ta fara motsi da numfashi da kanta.